Ƙofar Hagu

Gari bai gama wayewa ba aka bugo waya caji ofis cewa ga gawa a kan babban titi, daf da gadar masu tafiya a ƙasa. Kafin Insifeta ta isa, jama'a sun yi cincirindo, wani ya rufa wa mamacin buhu a fuska.

Mace ce marar yawan magana. A ofis har tsokanarta ake yi, wai idonta ya fi bakinta aiki. Ta durƙusa ta ɗaga buhun. Namiji ne da ya manyanta, siriri, wuyansa duk jijiya irin na mai yawan kiran fasinja.

"Saura-Ɗaya ne!" in ji wani daga cikin taron. "Kwandastan Baba Sannu. Ko motar babu kowa, shi dai saura ɗaya yake kira."

Sajen da ke tare da ita ya ja tsaki. "Madam, aikin ya zo da sauƙi. Kwandasta ne. Ya yi lilo a ƙofa kamar yadda suka saba, ya zame."

Insifeta ta miƙe tsaye. Ta dubi gefen titi na dama, inda bas ke tsayawa ɗaukar mutane, sannan ta dubi inda gawar take. Can hagu take kwance, jikin dakalin simintin da ya raba titin biyu.

"Saje, ƙofar bas a wane ɓangare take?"

"Dama mana."

"To me ya kawo shi hagu?"

Saje ya sosa ƙeya. Wata dattijuwa mai sharar titi ta matso, tana rungume da tsintsiyarta.

"Ni ban gani ba, 'yar nan, na juya baya. Amma na ji. Birki aka taka, gajere, ƙii! Sai ƙofa ta buga, gam! Sai abu ya faɗi. Motar ko tsayawa ba ta yi ba."

A kan kwalta, ɗan nesa kaɗan kafin gawar, akwai zanen taya da bai wuce taku ɗaya ba.

Da suka koma ofis, sun tarar 'yan tasha sun riga su. Sun taso ƙeyar Baba Sannu har da motarsa, rigarsa a yage, leɓensa a fashe. Tsohon direba ne da aka laƙaba wa sunan saboda ko akuya tana iya wuce shi a hanya.

Oga, shugaban ofishin, yana tsaye a bakin kantar karɓar ƙara yana kaɗa makullin motarsa.

"An hutar da ke," ya ce mata. "Jiya a gaban kowa suka yi faɗa. Kwandastan ya ce ya bar masa aiki, tsohon ya ce wanda ya guje shi ba zai ga da kyau ba. Ga gaban motarsa a lotse, sabon lotsi. Gobe da safe kotu. In muka sake shi ma, waɗancan na waje ba za su bar shi ya kai gida ba."

"Yallaɓai, a ba ni zuwa yamma."

"Zuwa yamma. Bayan nan fayil ya bar hannunki."

Ta sa aka kawo tsohon ɗakinta, ta ajiye masa kofin ruwa a kan tebur.

"Baba, ina kake da asuba?"

"Gida."

"Matarka tana waje tana kuka. Ta ce tun duku-duku ka fita, ka bar motar a ƙofar gida."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin, hannun ya sauka a gefensa. Ya laluba, sannan ya kama.

Insifeta ta ɗaga yatsu uku daga inda take zaune. "Nawa ne nan?"

Tsohon ya daɗe yana kallon wajen da muryarta take. Sai ya sunkuyar da kai.

"'Yata, ki rufa mini asiri."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Hazo nake gani. Shi ne idona, marigayin. Yana ƙofa yana kiran fasinja, yana kuma kira mini hanya. Baba rami, Baba mai keke, Baba ɗan taka. Mutane suna dariya, sun ɗauka wasa ne. Shekaranjiya na daki turken fitila, shi ne lotsin da kuka gani. Jiya ya ce, 'Baba, ba zan taya ka kashe mutane ba.' Haka yake. In ya ga abin da zai cuci wani, bakinsa ba ya rufuwa. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na faɗi abin da na faɗa."

"Da asuba fa?"

"Asibitin ido na je. Na bi layi, da aka kusa zuwa kaina na tsorata, na juyo. In likita ya ce na makance, da me zan ci da gida?"

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

Wannan shaidar ba ta shiga fayil, kuma Insifeta ta san in Oga ya ji zancen idon, ya samu hujjar da zai ƙarasa ɗaure tsohon da ita.

"Da ya bar ka, wajen wa ya ce zai koma?"

"Wajen yayan matarsa. Kawun Yara ake ce masa, shi ke kai 'yan makaranta. Ya yi sabuwar mota."

Saje ya buga wa Kawun Yara waya a gabanta. Murya ta fito a dashe, da kuka a cikinta. Ya ce ƙwarai sun yi maganar aiki, amma sai sati mai zuwa zai fara. Yau bai sa shi a ido ba.

A ɗakin ajiye gawa, likita ya yaye mayafin ya nuna mata.

"Ƙeya ce ta bugu da siminti, ita ta kashe shi. Amma babu alamar mota ta banke shi. Ƙafafu lafiya, ƙugu lafiya. Dubi nan."

Ya ɗaga hannun dama. Yatsu huɗu sun karye a layi guda, kamar an ɗora sanda an taka. Farcen yatsan tsakiya ya fita gaba ɗaya.

"Abu mai nauyi ya datse su," in ji likita. "Ga kuma abin da na kankaro a ƙarƙashin sauran faratan."

A kan farar takarda akwai ɓurɓushin fenti rawaya, da wani gari mai kama da busasshen alli.

Saje ya shinshina. "Foti ne, Madam. Ƙullin da masu gyaran jikin mota ke cike tsaga da shi kafin fenti."

Motar Baba Sannu fara ce. Insifeta ta koma harabar ofis ta zagaya ta a hankali. Ƙofar dama tana nan a kan kwararonta, irin wadda ake ja baya ta buɗe, a turo gaba ta rufe. Da ta zagayo hagu, rana ta haske jikin motar, sai ta ga wani tabo a ƙarƙashin fentin, dogo, mai kusurwa huɗu, kamar ɗinkin tsohon rauni. Ta bi shi da yatsa. Siffar ƙofa ce. Ta sa kafaɗa ta tura. Ko motsi.

"Wa ke yi wa 'yan tasha wannan aikin?"

Saje ya ce, "Mutum ɗaya ne, Madam. Mai Walda na bayan kasuwar ƙarafa."

Garejin Mai Walda fili ne cike da gawarwakin motoci. Kujeru a jibge, gilasai jingine da bango, wata mota an yanka mata tagogi ba a sa gilashi ba tukuna. Shi kansa gajere ne mai faɗin ƙirji, da baƙin tabarau a goshi. Da ya ga kaki sai bakinsa ya buɗe da zuba.

"Ai waɗannan da kike gani, Madam, ba bas aka haife su ba. Motocin kaya ne a ƙasashensu, burodi suke ɗauka da kwalaye. In sun tsufa a can a turo mana. Ni nake mayar da su mutane. In yanka taga, in shimfiɗa daɓe, in dasa kujeru, in ƙara layi ɗaya don mai mota ya ji daɗi. Babbar bas ba ta shiga lungu, tasi ba ta ɗaukar unguwa guda. Wannan ita ce jakar talaka. Amarya ita, gawa ita, 'yan makaranta ita."

"Tabon da ke hagu fa?"

"Wasu daga ƙasashen da ake bin hannun hagu suke zuwa. Sitiyarinsu a dama, ƙofarsu a hagu. In ka bar ta haka, fasinja zai sauka a tsakiyar titi. Sai mu juya sitiyari, mu yanka sabuwar ƙofa a dama, tsohuwar mu ɗinke ta da walda, mu shafe da foti, mu fesa fenti."

"Duka kake ɗinkewa?"

"Duk wadda ta fita ta ƙofar nan. Ni fa ba na aikin algus."

Insifeta tana sauraro, idonta yana yawo. A kusurwar rumfa injin walda yana kwance, cikinsa a buɗe, gizo-gizo ya yi saƙa a kan wayoyinsa. A ƙasa kuma, inda ake fesa fenti, yashi ya rine da rawaya, launin bai ko dusashe ba.

"Injin nan ya daɗe da mutuwa."

"Ya... ɗan kwana biyu. Ana nemo mini kayansa."

"Gizo-gizo ya riga fentin nan zuwa. Motar da ka fesa wa rawaya, da me ka ɗinke ta? Da yawu?"

Saje ya tuntsire da dariya, ya kuma gimtse da ya ga fuskarta. Mai Walda ya cire tabaran ya shiga goge su da gefen riga.

"Mutum ya mutu," ta ce. "Wani kuma zai tafi gidan yari gobe a kan abin da bai yi ba. Zaɓi wanda za ka zama, shaida ko abokin laifi."

"Wallahi na gaya masa! Na ce ya jira inji. Ya ce an koma makaranta, shugabar makarantar ta ce in bai kawo mota ba za ta ba wani. Ya ce in ɗaure ta da waya ta ciki, in shafe, in fesa, zai dawo da ita ranar hutu. Hutu nawa aka yi, ban gan shi ba."

"Wa?"

"Kawun Yara."

Bayan la'asar suka isa gidan rasuwar. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun yi jugum suna jiran a sako musu gawa. A gefe wata bas rawaya tana tsaye, an wanke ta tas. A jikinta na hagu an manna wata doguwar takardar ado mai hoton fensir da littafi, daga sama har ƙasa, gefenta bai gama kamawa ba.

Kawun Yara ne ke karɓar gaisuwa. Dogo ne mai furfura a gemu, idanunsa jawur. Ya taso da sauri.

"Ranki ya daɗe, an samu wanda ya yi? Tsohon nan ne ko? Allah ya isa tsakaninmu da shi."

"Ana kan bincike. Yau ka fita aiki?"

"Na kai yara, na dawo da su. Ina hanya aka gaya mini. Da motar nan ma zan ɗauko shi in kun ba mu."

Matar marigayin ta leƙo daga zaure, fuskarta a kumbure. "Yaya, ka tambaye su ko za a ba mu shi yau."

"Za a ba ku," in ji Insifeta. Ta juya ga Kawun. "Motarmu za ta tsaya wani aiki. Ka sauke ni ofis, sai ka sa hannu ka wuce asibitin."

Ya laluba aljihu ya fito da makulli.

Tana jan ƙofar dama, wata yarinya 'yar firamare, har yanzu da kayan makaranta a jikinta, ta kutsa ta ƙarƙashin hannunta ta haye. Ta wuce kai tsaye kujerar tsakiya, ta zauna can hagu, ta jingina kafaɗarta da jikin motar.

"Zan je in ga Babana," ta ce. "Nan ne wurina. Kullum nan Kawu yake ajiye ni, jikin taga."

Insifeta ta leƙa cikin motar. Ta miƙa hannu ta janyo yarinyar a hankali, ta sauke ta.

"Yau ma nan kika zauna?"

"E. Yau iska tana shigowa ta gefen."

"Je ki wajen Mama. Yanzu za a kawo shi."

Ta shiga ta zauna a kujerar da yarinyar ta bari. Ƙofar dama ta bar ta a buɗe da gangan. Ta madubi ta ga motar Saje ta biyo su daga nesa.

Kawun ya ja mota. Da ta ɗan ɗauki gudu, ko waiwaye bai yi ba, ƙafarsa ta ɗan taɓa birki. Ƙii! Ƙofar ta taho a guje a kan kwararonta. Gam! Ta rufe kanta.

"Hannunka bai taɓa ta ba," in ji Insifeta.

"Ai duk direban bas ya iya wannan, ranki ya daɗe. In ba ka da kwandasta, birki ne kwandastanka."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Wuyansa ya sandare.

"Bi ta babban titi," ta ce.

Suka yi ta tafiya har suka hango gadar masu tafiya a ƙasa. Ta ce ya tsaya. Saje ya faka a bayansu ya tare hanya. Ta yaye ledar da aka lulluɓe jikin motar da ita ta ciki. Ga waya nan an murɗa, sabuwa fil, a kan guntun tsohuwar da ta tsinke. Saje ya kawo filaya ya datse. Ta sa hannu ɗaya ta ja.

Bangon hagu ya zame baya, takardar adon ta yage, foti ya zubo kamar gari. Iskar titi ta shigo. Dakalin siminti yana nan daf da su.

A jikin ginshiƙin gaba, inda bakin ƙofar ke dukawa, ruwan wanki bai kai ba. Akwai busasshen jini a cikin tsagar, da wani abu fari-fari maƙale a robar. Farce ne.

Kawun Yara ya kashe mota. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

"Yau ya fara aiki," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na ɗauko shi da asuba mu je kwasar yara. Yana share kujeru muna tafe, ya jingina, ya ji bangon yana motsi. Ya yaye ledar ya ga waya. Ya ce, 'Yaya, a nan kake zaunar da 'yata?' Na ce ya yi haƙuri, ranar hutu zan kai a ɗinke. Ya sa ƙafa ya doki ƙofar, ta buɗe."

"Sai me?"

"Sai ya fita ya tsaya a bakinta, jikinsa a waje, ya riƙe ginshiƙi, yadda ya saba tsayawa duk rayuwarsa. Ya ce a haka za mu shiga unguwa, a haka za mu je ƙofar makaranta, kowace uwa ta gani da idonta. Yana ta kira, kamar yana kiran fasinja. 'Ku zo ku ga kabarin 'ya'yanku! Saura ɗaya!'"

Ya ɗago. Hawaye ya jiƙa gemun.

"Tun ina saurayi nake tuƙa motar mutane. Wannan ce ta farko da aka ce tawa. Na roƙe shi ya shigo. Na haɗa shi da Allah."

"Ka ga hannunsa a kan ginshiƙin?"

Ya goge gemunsa da bayan hannu.

"Ka gani?"

"Na gani a madubi."

"Ka san abin da birki zai yi."

"Na sani. Na ce ko zai ji zafi ya shigo. Wallahi abin da na ce wa raina ke nan."

"Da ya faɗi, ka tsaya?"

"Yara suna jira."

Saje, wanda bakinsa ba ya rasa abin faɗa, ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Ka murɗa sabuwar waya," in ji Insifeta. "Ka manna takarda. Ka je ka ɗauki 'yarsa ka zaunar da ita a nan, ka biyo da ita ta titin da ubanta yake kwance."

"Na bi ta wata hanyar," ya ce da sauri, kamar wannan zai rage wani abu.

Ta yi wa Saje alama. Ankwa ta yi ƙara a wuyan hannunsa.

Rana ta kusa faɗuwa suka shiga harabar ofis. Oga ya fito, ya dubi bas mai ƙofa biyu a buɗe, ana hango bangon ofis ta cikinta. Ya mayar da makullinsa aljihu, ya ce a fito da tsohon.

A bakin kanta aka yi kiciɓis, ana shiga da ɗaya, ana fitowa da ɗaya. Kawun Yara ya sunkuyar da kai ya raɓa ta gefe. Baba Sannu ya tsaya yana ƙifta ido, yana bin inuwar da ta gifta shi.

"Wane ne wannan, 'yata?"

"Wanda ya yi ne, Baba."

"Na san shi?"

"Ka san shi."

Bai sake tambaya ba. Ɗan sandan kanta ya miƙo masa hularsa da makullin motarsa. Ya karɓi hular. Makullin ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe, sannan ya laluba ya ajiye shi a kan kantar.

"A ba wa mai ido," ya ce.

Matarsa ta kama gefen rigarsa suka fita. Insifeta ta tsaya a ƙofa tana kallonsu. Da suka kai bakin titi tsohon ya tsaya cak, ya karkata kunnensa dama, wajen da ƙofar bas take, yana jiran a ce masa Baba taho.